Takwarorina na Lambara

Ba don Nana ta kira ni a waya tana in-ina ba, da ban zauna rubuta wannan babi ba. Wai ta buga sunana a intanet don ta yi wa mijinta fankama da aikin uwarta, sai ta ga an liƙa wa babbar takardata alamar gyara. Shi ne take tambayata cikin dabara, ko gaskiya ne abin da 'yan uwanku na Bodinga suke faɗa tun kuna yara, cewa an taɓa kama ni da ƙaryar bincike. To ku zauna ku ji, ku ukun duka, da ke Nana da yayyenki maza da suka haɗiye tambayar shekara da shekaru saboda kara. Ba wanda ya kama ni. Ni na ɗauki ƙafata na kai maganar inda aka ji ta. Abin da ya fi ciwo a cikinta kuma ba a jami'a ya faru ba, a shagon kakanku ya faru.

Kun san aikina sama-sama, bari in faɗe shi yadda nake faɗa wa mata a gidan biki. Idan mutum ya shiga damuwa ko wahala, ƙwaƙwalwarsa tana aika saƙo, jiki ya saki wani sinadari a cikin jini. Idan abin ya daɗe, wannan sinadarin yana taɓa garkuwar jiki, wato abin da ke tsare mutum daga cuta. Tsakanin waɗannan biyun na ƙare ƙuruciyata. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne matan karkara a farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, aiki ya yi yawa, sabon hatsi kuma da saura. Na zaɓi Lambara a ƙasar Shagari saboda Goggo Ige, ƙanwar Baba, can take aure, kuma in ta ce a fito to za a fito. A ɗakin shan magani na garin muka ɗebi jinin mata, sannan muka ɗebi na matan gari a Bodinga, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, don mu gwada mu ga bambanci. Sharaɗi ɗaya ne mai ƙarfi: mai ciki ba ta shiga. Dalili kuwa, ciki da kansa yana ɗaga wannan sinadari, yana kuma sauya garkuwar jiki, sai ya rikita maka lissafi. A wancan lokaci tambaya ake yi, in mace ta ce ba ta da shi a wuce. Muka tambaya, matan Lambara suka sunkuyar da kai suka ce a'a. Ban jima ba na tafi ƙasar waje da jinin, wajen wata Baturiya abokiyar aikina mai manyan na'urori, na daɗe can. Muka sami bambanci mai girma tsakanin matan karkara da na gari, muka rubuta, wata mujalla mai daraja ta buga.

A duniyarmu ta masu bincike ba yawan rubutu kaɗai ake dubawa ba. Ana duba mutum nawa suka ambaci aikinka a cikin nasu, suka kafa hujja da shi, kuma akwai shafin da ke ƙirga wannan kullum, kowa yana iya gani. Ina da takardu da dama, wasu sun fi waccan wahalar da ni, amma ko kallonsu ba a yi. Ita kuwa ta Lambara sai ta kama gudu. Ana ambatonta a ƙasashen da ban taɓa takawa ba, ana gayyatata taro saboda ita. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi, har nakan buɗe shafin da safe kafin in sha koko.

Kakanku tela ne a kasuwar Bodinga, mai aikin wuyan riga da hannu, kuma da ƙuruciya ya yi karatun littattafai a wani zaure a Sifawa. Wata rana ya sa ni gaba in yi masa bayanin wannan ƙirge da ake ta zance. Na yi. Ya ajiye allura ya ce:

"To ai isnadi na. Wane ya ɗauka ga wane, shi ko ya ɗauka ga wane. Kulu, wanga ba ado na ba, kaya na. Duk wanda yaɗ ɗauka gare ki, ya jingina da ke."

Haka ya faɗa, amma kada ku ɗauka bai yi alfahari ba. Duk zuwan da zan yi gida, kafin in gama gaisuwa sai ya tambaye ni ko an ƙaru, kamar mai tambayar awakinsa da ya ba kiwo. Da na shigar da takarduna na neman zama farfesa aka aika da su ga masu tantancewa na waje, kowa ya san ta Lambara ce za ta ɗauki sauran. Baba ya sayi shadda fara mai kyau, ya yanka wa kansa babbar riga, ya fara mata aiki da hannunsa. Ya ce ita zai sa ranar da zan yi laccar kama kujera. Idonsa ya riga ya yi rauni, ga tarin ƙirji da ya ƙi barinsa, amma ya hana kowa taɓa rigar.

Ana cikin haka Goggo Ige ta aiko za ta aurar da autanta. Na je Lambara da babanku, ni da niyyar in ci shinkafa in yi raha in dawo. Ina zaune tsakar gida cikin mata an miƙo mini fura, sai Goggo ta tafa hannu ta ce a kira mata ɗiyan Dakta. Sai ga yara sun jeru a gabana, kansu ɗaya, duk sun fara famfara, suna mini murmushi da giɓi. Goggo tana dafa kan 'yan matan ɗaya bayan ɗaya: wannan Kulu, wannan ma Kulu, waccan Hauwa'u. Na san an yi mini takwara ɗaya ko biyu ina can waje, har na aiko da atamfa, amma ban san sun kai haka ba. Mazan ma, ko da yake kowa da sunansa, ɗiyan Dakta ake ce musu. Mata suka ɗauki guɗa. Goggo ta ɗaga murya don kowa ya ji:

"Hannunki na da albarka, ɗiyata. Waɗanda kiɗ ɗibi jininsu shekaran nan, ba a gama dashen albasa ba sai da munka ci suna gidajensu."

Na yi dariya tare da kowa. Dariyar ba ta kai ƙarshe ba lissafi ya faɗo mini a rai. Ana noman farko muka ɗebi jinin, ina tune da mazan suna wucewa da fartanya. Dashen albasa kuwa bayan kaka ne kaɗan. Ko wane irin lissafi za ka yi, wata tara ba ya shiga tsakanin nan. Uwayen yaran nan da cikinsu suka miƙo mini hannu. Furar nan ban san inda na ajiye ta ba.

Na ja Goggo ɗaki na ce mata ai mun tambaye su, kowace ta ce ba ta da komai. Ta dube ni sama da ƙasa.

"A gaban uwayen mazansu kit tambaye su, ga malamin asibiti tsaye da allura. Mi kike so su ce? Ke da kanki, da cikin babban ɗanki, mi kic ce min?"

Shawara na ce mata ina fama da ita, har ta dafa mini saiwa na sha. Ke ma Nana da kike dariya yanzu, wata nawa kika yi kina ce mini zazzaɓi ne? Don haka ban yarda kowa ya ce matan Lambara sun yi mini ƙarya ba, ko a lokacin ban yarda ba. Ƙaramin ciki ba a faɗinsa. Akwai kunya, akwai tsoron baki, akwai kuma tsoron kada ya zube a bar mace da amsa tambayoyi. Matan Bodinga 'yan boko da ke da ciki sun faɗa mini kai tsaye na cire su, na Lambara suka yi abin da uwayensu suka koya musu suka zauna a ciki. Ma'anar wannan ita ce, bambancin da duniya take ta ambato, mai yiwuwa ba damuwa ba ce ta kawo shi. Mai yiwuwa waɗannan masu giɓin ne.

A hanyar dawowa, muna kusa da Bodinga na fashe wa babanku da maganar. Kun san shi, ba ya gaggawa. Ya yi tuƙi mai nisa kafin ya ce shi bai ce in ɓoye ba, amma masu tantancewa sun kusa gamawa, in bari kujerar ta zo hannu, sannan in yi duk gyaran da nake so. Shugaban sashenmu ma da na same shi ya rufe ƙofa ya faɗi kusan haka, ya ƙara da cewa ba wanda zai taɓa zuwa Lambara ya ƙirga haƙoran yara. Gaskiyarsa ce, ba wanda zai je. Amma akwai wata yarinya a wata ƙasa da ta rubuto mini tana godiya, ta ce a kan takardata ta ɗora karatun digirinta na uku gaba ɗaya. Irinta nawa ne waɗanda ba su rubuto ba? Shafin nan da nake buɗewa da zumuɗi sai ya koma abin tsoro. Duk safiyar da na ga an ƙaru, sai in ce a raina ga wani kuma ya zo ya jingina da bangon da ban san ko zai tsaya ba.

Baba na fi jin tsoro, kuma na ɗauka shi ne zai fi kowa saurin cewa in faɗa. Na same shi a shago da hantsi, rigar tana kan cinyarsa, an gama aikin gefe ɗaya. Na durƙusa na kwashe komai na faɗa masa. Ya saurara har ƙarshe, ya yi tari.

"Ki bari sai an ba ki," ya ce. "In ya so ki hwaɗa. Kulu, ni na san abin da nika ji ga ƙirjina. Ba ni da shekara biyu."

Allah Sarki. Ban taɓa jin Baba ya roƙi kowa komai ba sai ranar. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Hawaye suna zuba na ce masa:

"Baba, kai ka ce mini kaya ne. In aka ba ni kujera a kan wannan takarda ina sane, kuma ta zo ta rushe, da wane ido zan dube ka a cikin rigar nan?"

Ya zare allurar ya soke ta a hularsa, ya ninke rigar a hankali, ya tura ta ƙarƙashin tebur. Ya ce in gaida gida.

Na rubuta wa editan mujallar abin da na gano da abin da nake tsoro. Na rubuta wa jami'a na ce a dakatar da takarduna har sai na tabbatar. Mujalla ta liƙa sanarwa cewa marubuciyar tana da shakka a kan aikinta, ana sake dubawa, kuma wannan ce asalin alamar da Nana ta gani. Daga nan magana ta fita daga hannuna. A ofis aka ce ina da shakka, a wajen masu shayi na bakin jami'a aka ce an gano kuskure, kafin ta hau motar Bodinga ta zama an kama Kulu 'yar tela da ƙarya. Wasu ma suka ce jinin mutane na sayar wa Turawa. Waɗanda suke kirana taro suka yi shiru. Wani abokin aiki da muke cin abinci tare ya koma canza hanya in ya hango ni, har yau in na tuna sai raina ya sosu. Ku kuma kuka je hutu Bodinga, babbanku ya dawo da kumburarren ido, ya ƙi faɗin abin da ya haɗa shi da ɗan kawunsa, ni kuwa na sani.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan na Baba. Ya daina fita ranar kasuwa, shi da tun kafin a haife ni ba a taɓa buɗe kasuwar Bodinga babu shi ba sai da lalura. Abokansa na shekara da shekaru suna zuwa yi masa jaje kamar an yi rasuwa, wanda jajen nasu ya fi zagi zafi. In na zo na gaishe shi zai amsa, zai tambayi yara, daga nan sai ya juya ga carbinsa. Bai sake tambayata ko an ƙaru ba.

Abin da ya rage mini shi ne sauran jinin. Baturiyar nan, Allah ya saka mata, ta adana ragowarsa a firizarsu duk shekarun nan, kuma ana iya gwada shi a gane wadda ke da ciki a ranar da aka ɗiba. Sai dai ba don wannan suka ba ni jininsu ba. Abin da mace ta ɓoye wa uwar mijinta, ba ni da ikon in buɗe shi a bayan idonta don kawai yana cikin kwalba. Don haka na koma Lambara na tare a ɗakin Goggo, na bi matan gida gida. Wannan karon ba ɗakin shan magani, ba malamin asibiti. In shiga ɗakin mace, in saki labule, in sallami 'yan rakiya, Goggo ta tsaya a tsakar gida tana ɗauke hankalin tsofaffi da hira. Uwayen takwarorina dariya suka yi ta yi. Wata ta nuna mini Kulunta ta ce ga amsar nan tana yawo ba takalmi, in gwada abin da nake so.

Wadda ba zan manta ba ita ce wata da zan kira Luba, ba sunanta ke nan ba. Ba ta haihu a shekarar ba, don haka na shiga ɗakinta ina ganin gaisuwa ce kawai za mu yi. Na yi mata bayani. Ta tashi ta leƙa ƙofa ta dawo.

"Ni ma ina da shi sa'an nan," ta ce. "Ya zube ana yankan gero. Ko maigidan bai sani ba. Da anka yi ta sunaye, ni nid dahwa musu abinci."

Shekarun nan duka ba ta faɗa wa ɗan Adam ba sai ni. Muka zauna muka yi kukanmu ƙasa-ƙasa. Ta ce in gwada, amma kada sunanta ya fita, na ce ko a gaban alƙali. Da a ce na zauna ofis na ƙirga yaran da aka haifa kawai, da Luba da irinta sun wuce mini, da na sake buga wani kuskuren a kan na farko. Ba ita kaɗai ba ce kuwa. Mace ɗaya ta ce ba ta yarda ba, ban tambaye ta dalili ba, na cire jininta daga aikin gaba ɗaya.

Sai jira. Muka yi shawara da Baturiyar cewa ita za ta yi gwajin, lissafin kuma a ba wani masani da ba ruwansa da mu, don kada a ce mun gyara wa kanmu. Damina ta shigo ta fita ina jira. Na rame har zobena yana faɗuwa. Ina koyarwa, ina dafa muku abinci, ina yi muku faɗan da ba ku ci ba, wanda yanzu nake ba ku haƙuri a kansa. Na riga na shirya wa mafi muni. Na tsara a raina yadda zan janye takardar ɗungurungum, da abin da zan rubuta wa yarinyar nan mai digiri. Abin da na kasa tsarawa shi ne yadda zan shiga in faɗa wa Baba cewa mutanen kasuwa sun kusa yin gaskiya.

Ina Bodinga saƙon ya zo. Tarin Baba ya tashi, na je jinya, ina tsakar gida ina dama masa kunu da rana tsaka waya ta yi ƙara. Na ga sunan masanin, na ajiye ludayi na buɗe. An cire duk masu ciki, an sake lissafi tun daga tushe. Bambancin ya ragu, ya ragu sosai, ba shi da girman da muka faɗa da farko. Amma yana nan. Damuwar farkon damina tana barin alamarta a jinin matan nan ko babu ciki. Na karanta, na sake karantawa, na zauna a kan turmi. Wallahi ban san ina ɗauke da dutse a ƙirji ba sai da aka sauke shi. Na yi sujada a nan kan ƙasa, kunu yana ta gudaji, ban damu ba. Irin wannan sanyin rai ban taɓa jinsa ba, ko ranar da na sauka lafiya da babbanku.

Na shiga ɗakin Baba fuskata duk ƙasa. Yana jingine da filo. Ya dube ni, ya gane wani abu ya zo.

"Ya tsaya?"

"Ya tsaya, Baba. Sai dai ya rage tsawo."

Ya rufe ido, leɓensa yana motsi. Da ya buɗe sai ya ce shi tela ne, ya sha rage wa riga tsawo mai ita ya sa ya tafi sallar Juma'a. Daga nan ya tambaye ni waɗanda suka ɗauka a wurina fa. Na ce zan buga gyaran a mujallar da kowa zai gani, kuma ba wanda gininsa zai rushe, sai dai ya ɗan sassauta magana. Ya ce alhamdu lillahi. Sannan ya ce in aika a ɗauko masa abin da ke ƙarƙashin teburin shago.

Gyaran ya fito. Ba zan ce muku duniya ta tafa mini ba. Gudun da takardar farko take yi ya ragu, gayyatar taro ba ta koma kamar da ba, kuma har yau akwai masu ambaton ta farkon ba tare da gyaran ba. Duk wanda na gani ina rubuta masa, shi ya sa kuke ganina da tabarau ina faɗa da kwamfuta. Takardar gyaran kuwa ta sami nata mutane, yawanci masu aiki da matan karkara, saboda na bayyana a ciki yadda ake tambayar mace da inda ba a tambayarta. Yarinyar nan ta gama digirinta, yanzu ita ma tana da ɗalibai. Jami'a ta ce in sake shigar da takarduna daga farko, in bi layi. Na bi.

Baba ya samu sauƙi kaɗan. Ya zauna a ƙofar ɗaki inda haske yake, da tabarau biyu ɗaya kan ɗaya, yana ƙarasa aikin ɗaya gefen rigar. Yana yi yana hutawa, in na ce ya bari a taya shi sai ya harare ni. Da ya gama ya sa aka kai ta wajen masu bugu, ta dawo tana ƙyalli. Na ɗauka akwati za ta shiga ta jira lacca. Ranar kasuwa da safe sai ga Baba ya fito a cikinta, da sabuwar hula, ya shafa turare, yana dogara sanda. Na ce Baba, ai rigar ranar lacca ce, kuma da saura.

"Wace lacca?" ya ce. "Ranar da nika jira ta zaka. Kama min hannu."

Na kama hannunsa har bakin shago. Bai taɓa keken ɗinki ba, bai zare allura ba. Ya sa aka fito masa da kujera waje, ya zauna cikin farar rigarsa tsakanin masu albasa da masu hatsi, mutane suna tsayawa suna tambaya ko ɗaurin aure ake yi. Duk wanda ya taɓa zuwa yi masa jaje, da ya hango shi sai ya yafito shi. Ina daga cikin shago ina jinsa yana cewa, kun ji an ce an kama Kulu? To zauna in ba ka labari. Ya ba da shi tun daga furar Goggo har zuwa turmi, ya ƙara gishirinsa, ya kai ni inda ban kai ba. Wasu sun gane, wasu ba su gane komai ba sai dai sun ga tsoho yana murna suka taya shi. Bai tashi ba sai da aka kira la'asar.

Ya rasu kafin damina ta zagayo. Kujerar farfesa ta zo bayansa da shekaru, kamar yadda ya faɗa tun farko cewa ba zai gani ba, kuma ni na jawo wannan jinkirin da hannuna, ina sane. Ranar laccar kuna zaune a layin gaba, ga babanku, ga Goggo Ige da motar mata daga Lambara, takwarorina sun zama 'yan mata. Mutane sun yi ta kallona suna jira in fashe da kuka in na zo ambaton Baba, kuma na ji daga baya wasu sun ce zuciyata ta bushe. Ba bushewa ba ce. Na dubi inda ya kamata ya zauna, na tuna shi a bakin shago yana yafito mutane da hannun rigarsa, sai na ji hankalina a kwance. Ai ya sa rigarsa tuni, kuma ni na kama masa hannu.